Turanci Don Ganuwar Bilafete

Bilafete, watan Janairu

Zuwa ga Yaya Wasna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kuma sanyin Lisbon bai cinye ɗan naman da ya rage a jikinka ba. Yaya aikin gini? Yaya ƙafar nan da ka ce tana damunka? Baba yana gaishe ka. Matarka Kinta da yara duk lafiya, sai dai ƙaramin ya fara kiran duk mai gemu baba, don haka ka san abin yi.

Bayan haka, maganar ganuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ganuwar lakar nan da ke tsare mana fadamar shinkafa daga ruwan teku ta gaji, Yaya. Ta gefen gonarmu ƙaguwa ta huda ta kamar rariya, rani kuma ya tsattsaga ta. Da can gayyar samari ɗaya ke ɗinke ta kafin babbar cikar teku. Yanzu samarin suna Bisau da Dakar, ko suna wurinku suna ɗaukar siminti, an bar mu da tsofaffi masu jar hula da mata. Ba gori nake maka ba, amma in ka ji zafi ba ruwana. Ka fi ni sanin cewa in gishiri ya kwana a gona, sai an yi damina da damina kafin ƙasa ta sake karɓar shinkafa.

To ga wata ƙofa ta buɗe. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje za ta zaɓi gari ɗaya a bakin kogin nan, ta kawo injin haƙa da bututun fitar da ruwa da abincin ma'aikata. Shugabarsu ba ta jin Fotugis, balle Kiriyol ko yarenmu, Turanci kawai. Za ta zagaya gari gari ta ji daga bakin mutane abin da suke son cim ma. Dattawa sun zauna, suka ce tunda ni ce malamar makaranta, ni zan tsaya. Na ce musu Turancina bai wuce gaisuwa da godiya ba, suka ce ai baki ne da ni, in je in ƙaro.

Yanzu duk Asabar ina hawa kwalekwale zuwa garin Katiyo wurin wani Malam Sajo, tsoho ne da ya yi zaman Gambiya. Na gaya masa ba na son in koyi sayen tumatir ko tambayar hanyar asibiti, kalmomin buri da manufa kawai nake so. Ya dube ni ya ce bai taɓa ganin ɗaliba mai rowar kai irina ba.

Ka gaida abokan zamanka. Ka riƙa sa rigar sanyi.

Ƙanwarka,
Segunda


Bilafete, watan Fabrairu

Yaya Wasna,

Ina gaishe ka, ina kuma fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso, Kinta ta sa na karanta mata har na gaji. Baba lafiya, tari ne kawai da safe.

Ka tambayi karatu. Mu a makaranta, in ana maganar buri, kalma biyu Fotugis ya ba mu, da su muka ci jarrabawa muka yi aure muka haihu. Su masu Turanci sun tara su kamar kajin gidan Kawu Bidan. Akwai purpose, shi ne dalilin da ya sa ka tashi tun farko. Akwai aim, inda ka fuskanta ko da nisa. Akwai goal, inda kake son ƙafarka ta tsaya. Duk waɗannan na sha su kamar ruwa. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce target. Malam Sajo ya ce ita ba ta tafiya sai da adadi da lokaci: faɗin gona kaza, buhu kaza, nan da shekara kaza. Ya ce mutanen nan za su gyaɗa kai a kan sauran don ladabi, amma wannan ce kaɗai suke rubutawa. Garin da ba shi da ita, a wurinsu bai san abin da yake so ba.

Da ya faɗi haka na san da sauran rina a kaba, kuma ka san dalili. Yaushe ka taɓa jin Baba ya ambaci shinkafar da yake sa rai? Ko shekarar da rumbu ya cika har muka zuba a ɗakin Inna, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ɗan abin da ba a rasa ba. Manomin kirki a garin nan ba ya ƙirga abin da ke gaba da baki. In ka faɗa, mutanen ɓoye na fadama sun ji, mai hassada ma ya ji, sai ganuwa ta fashe ko tsuntsu ya sauka. Haka aka tarar, haka ake yi.

Na kai maganar gaban dattawa a gindin rimi. Baba ya sha mur, ya ce ko injin nasu na zinariya ne ba zai buɗe baki ya tona gonarsa ba. Ni kuma raina ya ɓaci, na ce to ƙaguwar da ke cin ganuwa wa ya gaya mata adadi? Na ji kunya daga baya, don a gaban mutane ne, amma bakina ya riga ni. Can sai Kawu Bidan ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce shi tun yana yaro yake kai wa mutanen ɓoye hadaya, ya ji sun amsa da yarenmu, ya ji sun amsa da Kiriyol, tun zamanin Turawan mulki ma ƙila sun tsinci Fotugis, amma bai taɓa jin inda suka je makarantar Turanci ba. Aka yi dariya, sai kuma dariyar ta koma shawara. A ƙarshe suka yarda in faɗa da Turanci kawai, kada kalma ɗaya ta fita da harshen da ƙasar nan ta sani.

Ko a haka Baba bai faɗa mini adadin da baki ba. Washegari ya kira ni bayan rumbu, ya tara ƙwayoyin kashu a ƙasa tsibi tsibi, ya bar ni na ƙirga a zuci, sannan ya watsa su da ƙafa. Yaya, ashe burin tsohon nan ya fi na kowa girma. So yake a dawo da har fadamar da aka bari tun rasuwar Inna. Ba zan rubuta maka adadin ba, ka ga ni ma 'yarsa ce.

Ina maimaita jawabina a hanyar rijiya, awaki ne masu sauraro. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Segunda


Bilafete, watan Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kana lafiya. Mu jikinmu lafiya, abin da zan iya cewa ke nan.

Sun zo. Shugabar, wani mai riƙe mata takardu, da wani tafinta ɗan Bisau mai takalmi fari wanda laka ta ba shi haushi tun daga bakin kogi. Mun yanka musu akuya, mata sun dafa shinkafa da man ja da kifi. Gari duka ya taru a gindin rimi.

Na tashi, da na fara sai bakin ya sake. Na faɗi dalilinmu, na faɗi inda muka dosa, na zo kan adadi da lokaci na ajiye su daidai yadda Malam Sajo ya koya mini. Na ga matar ta daina kallon yara ta fara rubutu. Ta yi mini tambaya na amsa, ta yi murmushi. Na dubi Baba na ga yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. A lokacin na ɗauka mun samu.

Sai ta ce tana so ta tabbatar wannan burin gari ne, ba na malama ita kaɗai ba, don an sha yi musu haka. Ta juya ga tafinta ta ce ya maimaita wa dattawa duk abin da na faɗa, su amsa da bakinsu. Na ji ta sarai, Yaya. Na ɗaga hannu ina cewa a'a, a'a, amma kalmomin da zan yi bayani da su ba na cikin waɗanda na koya. Na san yadda ake faɗin buri ta hanya huɗu, ban san yadda zan ce a yi shiru ba. Ita kuma da ta ga ina hanawa sai fuskarta ta canja.

Tafinta ya miƙe ya buɗe murya da Kiriyol kamar mai shela a kasuwa. Ya faɗi faɗin gona, ya faɗi buhuna, ya faɗi shekara, har da sunan fadamar da aka bari. A gindin rimin hadaya fa, da rana tsaka, fuskarsa na kallon fadama. Wata tsohuwa ta toshe kunne. Ya tambaya ko haka ne.

Babu wanda ya motsa sai Baba. Ya dogara sandarsa ya tashi ya ce, "Mu ba mu ce haka ba. Mu talakawa ne, ɗan abin da za mu ci muke nema, in an samu."

Na san abin da yake yi. So yake ya janye maganar kafin ta isa kunnen da bai kamata ba, ya rufa wa gonar asiri. Sauran dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har Kawu Bidan. Tafinta ya mayar mata da Turanci tas, bai rage komai ba. Matar ta dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon da nake yi wa ɗalibin da na kama yana satar amsa. Ta rufe littafinta. Sun ci abinci, sun yi godiya, sun tafi kafin ruwa ya janye.

Na bi su har bakin kogi ina roƙon tafintan ya yi mata bayanin al'adarmu. Ya ce shi aikinsa fassara ne, ba tatsuniya ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Haushin Baba nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa, na rasa inda zan ajiye su. Ba mu yi maganar da shi ba har yau.

Ƙanwarka,
Segunda


Bilafete, watan Yuni

Zuwa ga Yayana Wasna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ka yafe mini shirun da na yi, hannuna ne ya ƙi rubutu. Kinta da yara suna gaishe ka.

An ba garin da ke ƙetaren kogi aikin. In iska ta juyo muna jin ƙarar injinsu daga nan.

Ganuwarmu ta tafi a babbar cikar teku ta ƙarshen Maris, ta gefen gonarmu, daidai inda kowa ya san ta ruɓe. Da safe ne, muna gani. Mun fita da doguwar shebur da ƙwarya da hannu, mu mata da tsofaffi, muna zuba laka ruwa na kwashewa. Baba ya shiga har ƙirji, sai da aka fito da shi da ƙarfi. Tun daga ranar teku na shiga tana fita yadda ta ga dama. Inda ruwan ya janye ƙasa ta yi fari fat, in ka taka sai ta yi ƙara.

Mutane sun ce maganar da aka faɗa a gindin rimi ce. Ba wanda ya ce mini komai a fuska, amma in na isa rijiya hira na mutuwa, wasu kuma sun cire 'ya'yansu daga ajina. Na daina zuwa Katiyo. Malam Sajo ya aiko yana tambaya, na ce a gaya masa na gode, karatun ya isa. Baba kaɗai ne bai ɗora mini ba. Da Kawu Bidan ya fara zancen a gabansa, sai Baba ya ce ni aikena aka yi, na kuma je na dawo, a bar yarinya.

Ruwan farko ya sauka makon jiya. Ka san yadda gari ke zama a irin wannan lokaci, kowa na gyara wurin yayyafa iri. Bana ba wanda ya fita. Gidaje uku sun kwashe sun koma wurin dangi a Katiyo.

Jiya da hantsi Baba ya kira ni da Kinta ɗakin ajiya. Ya nuna randar irin shuka, wadda ya zaɓa zangarniya zangarniya da hannunsa a kaka, irin nan mai jan baki da ya gada wurin kakanmu. Ya ɗauki dutse ya fasa lakar da ya liƙe bakinta da ita. Na ɗauka wani wuri ya samo aro da za a shuka, har na fara tambaya. Sai ya ce, "Kinta, ɗauki ki sussuka. Yaran nan sun kwana biyu ba su ƙoshi ba."

Kinta ta tsaya ta kasa taɓawa, sai da ya kama hannunta ya sa a ciki. Ta sussuka tana hawaye, na taya ta bakace. Muka dafa. Yaranka sun ci sun ƙara, ƙaramin har yana cewa wannan shinkafar ta fi ta kullum daɗi. Ni na ci loma biyu na kasa. Baba ya zauna a bakin ƙofa ya juya mana baya har aka wanke kwanuka, ya ce shi ba ya jin yunwa.

Abin da ke randar zai kai mu wata guda in an yi a hankali. Ka fara tunanin inda Kinta da yara za su zauna. Ni ina nan tare da shi.

Allah ya tsare ka, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Segunda