Marin da Ban Taɓa Yi Ba

Zuwa ga:
Dokta Annegret Vollmer,
Shugabar Kwamitin Tantance Labarai,
Asusun Fitila na Tallafa wa Sabbin Masu Shirya Fim,
Duisburg.

Daga:
Tuncay Karabulut,
Ma'aikacin gidan renon yara,
Unguwar Marxloh, Duisburg.

17 ga Nuwamba, 2003

Ranki ya daɗe,

GAME DA: MAYAR DA NI MUGUN YAYA A FIM ƊIN ƘANWATA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana. A garin nan aka haife ni, bayan mahaifinmu ya zo daga ƙasarmu ta Turkawa aiki a masana'antar ƙarfe. Ƙanwata, Nergis Karabulut, ita ta shirya fim ɗin da asusunku ya tallafa wa, wanda aka fara nunawa ranar 4 ga Oktoba. Ni na fito a matsayin yayan jarumar, domin Nergis ta roƙe ni, kuma tun tana rarrafe ban iya ce mata a'a ba.

1. Labarin da ta fara kawo muku na wani yaya ne mai dafa miya, mai taje wa ƙanwarsa kai idan iyaye sun tafi aiki, mai rufa mata asiri in ta sulale gidan silima. Wannan ni ne. A zamanku na 11 ga Fabrairu kuka mayar mata da shi, wai irin wannan yaya bai yi kama da Baturke ba, a ƙara masa zafin kai. Cikin ladabi nake tambaya, Turkawa nawa ne a zaman? An dai shaida mini akwai mamba ɗaya da ya taɓa zuwa hutu Antalya, can ƙasar Turkawa.

2. Aka manna mini gashin baki, aka ba ni rigar fata, aka ce in kulle yarinyar a ɗaki in kuma mare ta. Ranki ya daɗe, a gidanmu daga ƙasa mari yake hawa sama. Tabon da ke goshina ludayin Nergis ne. An sha maimaita ɗaukar wurin saboda ina tsayawa in tambayi jarumar ko ta ji zafi.

3. A wurin aikina abin ya wuce wasa. Ranar 20 ga Oktoba wata uwa ta cire ɗanta daga ajina, yaron da ni na koya wa ɗaure takalmi, wanda ba ya barcin rana sai ya riƙe yatsana. Abokiyar aikina kuma ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya, ta ce kada in ji kunya, akwai masu taimaka wa maza masu saurin hannu, kuma ta san al'adarmu ce ta jawo.

4. Dattawan shagon shayi na unguwarmu sun shekara suna kirana Inna Tuncay don suna ganina da keken jariri. Yanzu in na shiga tashi suke su ba ni kujera. Ɗaya daga cikinsu, Baba Rüstem, har sumbatar goshina ya yi, ya ce ashe dai akwai namiji a cikin wandon nan. Wallahi na gwammace tsokanar.

Saboda haka ina roƙon, na farko, kwamitinku ya sake karanta labarin asali, wannan karon da wani daga cikinmu a teburin. Na biyu, a rubuta wa shugabar gidan renon cewa umarninku na bi.

Na uku kuma shi ne na gaggawa. A turo wakili, da tafinta, ya yi wa mahaifiyarmu, Hajiya Hanife, bayanin abin da ake nufi da fim. Ta ce da idonta ta ga na mari ƙanwa a fim ɗin, kuma ba zan sake taka gidanta ba sai na durƙusa na nemi gafarar ƙanwata a gaban dangi. Na roƙi Nergis ta gaya mata gaskiya. Ta ce ita ma tana jiran neman gafarar, har ta tsayar da Lahadi mai zuwa ta gayyaci mutane.

Ina fatan za a duba kafin ranar. Ki huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Naki mai biyayya,
Tuncay Karabulut