Motar Yara Ba Ta Iso Ba

Daren Asabar, Gusau

Yaran tsohuwar kwalejinmu sun ɗauki kofin ƙwallo a Tsafe, kakar wasa guda ba wanda ya doke su. Ɗana Nura ne mai tsaron gida. Da la'asar ya kira: "Baba, na tare fanareti!" Na zagaya kasuwa ina cika baki, har Alhaji Sani mai goro ya ce, "Kai ka tare ko ɗanka?"

Yanzu an yi isha'i, motarsu shiru, wayarsa a kashe. Kowa ya san hanyar nan da 'yan bindiga da dare. Na ce wa uwarsa taya ce ta fashe. Ta dube ni kawai, ta ɗauki carbi.

Duk iya cinikina, yau babu zancen tayi. Ya Allah, a tafi da kofin, a bar min yarona.