Sunan da Ba Zan Iya Kira a Lasifika Ba

Zuwa ga Shugaban kamfaninmu mai albarka,
Nassarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin wadda ta dace da matsayinka, da tambayar lafiyar iyali, da ta janaretonmu da ya kwana biyu yana tari, ina neman izinin gabatar da kokena. Na san tun a layin farko na karya doka da na ce maka Shugaba, kuma tuni na naɗe hannun riga domin karɓar hukunci.

Ni ne Nazifi na sashen gwajin manhaja, mai farautar kurakurai kafin su isa hannun jama'a. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda kai ka koya mana cewa ƙorafi ba a yinsa da raɗa a bayan ƙofa, a fili ake baje shi kowa ya gani. To ga nawa na baje.

Na ɗaya, asalin dokar. Tun kamfanin nan yana ɗaki biyu a bayan tsohon gidan nan mai dogayen darbejiya, muna haɗa manhajar da masu kantin magani ke odar kaya da ita, ka zartar da cewa babu Yallaɓai, babu Oga, babu Ranka-ya-daɗe. Kowa a kira shi da sunan da aka raɗa masa, har da kai. Wanda ya kuskure, wankin kofunan shayin ranar yana wuyansa. Dalilinka shi ne, a inda ka taɓa aiki ka ga yadda ƙaramin ma'aikaci ke hango ɓaraka, amma kafin ya gama rusunawa da jera laƙabi, ƙarfin halin faɗa ya tsere masa.

Na biyu, shaidata a kan dokar, domin kada a ɗauke ni ɗan tawaye. Ina wurin ranar da Rifkatu, wadda ta zo mana daga Zariya, ko wata ba ta cika ba ta kira ka da sunanka a tsakiyar taro, ta ce sabon shafin da ka zana zai rikita dattawan masu kanti irin waɗanda ta ziyarta a Kawaji. Mu duka muka ɗauke numfashi. Kai kuwa ka goge zanenka daga allo, ka miƙa mata alƙalamin, ka koma ka zauna kana sauraro kamar ɗalibi. Shafinta ne ke aiki har yau. Teburinka yana tsakiyarmu, babu labule. A layin abinci na sha ganinka a bayan direba. Idan manhaja ta tsaya, tambayarka ita ce me ya faru, ba wa ya yi ba. Lokacin da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti, ka kore ni gida da kanka, ba ka nemi takardar likita ba. Ana tashi salla a kan lokaci, Rifkatu kuma tana tafiya koyon waƙar cocinsu babu mai harararta. Wannan doka da 'yan'uwanta su suka raini kamfanin nan har ya fi ƙarfin ɗaki biyu, kuma ni mai kare ta ne a ko'ina.

Na uku, jarrabawar da ta same ni ni kaɗai. Allah cikin ikonsa ya ƙaddara sunanka shi ne sunan mahaifina, tsohon malamin makaranta da ke zaune a Tudun Murtala. A gidanmu wannan suna ba a ɗaga shi. Mahaifiyata Malam take cewa. Yaron maƙwabtanmu mai wannan suna, tun yana rarrafe Abba muke ce masa. Idan hukuma ta tambaye ni cikakken sunana, nakan faɗe shi da sauri kamar mai haɗiyar magani mai ɗaci. Amma in ɗaga murya daga wannan bango zuwa wancan in ƙwala shi tsurarsa, kamar ina kiran abokin ƙwallo, wannan harshena ya ƙi, kuma na yi masa nasiha har na gaji.

Na huɗu, dabarun da na rayu da su. Na yi tari. Na yi gyaran murya. Na tsaya a gaban teburinka kamar dogari har sai ka ɗago. Na aiko maka da saƙo ta waya alhali ina ganin ƙeyarka. A bayan idonka na kira ka mai tebur na tsakiya, na kira ka wanda ya kafa mu. Duk ranar da dabara ta ƙare, sai Yallaɓai ya kuɓuce, sai kofuna. A tarihin wannan kamfani babu mahalukin da ya yi wa kofuna hidima kamata. Na san mai tsaga, na san mai guntun hannu, na san na wanda ba ya shanye shayinsa. Abokan aiki sun naɗa ni Ministan Kofuna, wanda shi ma laƙabi ne, amma ban ga an hukunta kowa a kansa ba. Haruna na sashen tallace-tallace ya mayar da abin sana'a: a tsakiyar taro sai ya dube ni ya tambaya wai wa ya ba da wannan umarni, don kawai ya ga yadda zan yi iyo. Sababbin ma'aikata biyu sun taɓa miƙo mini kofi suna neman ƙarin sukari. Duk na jure, domin shari'a ce, kuma a gaskiya hirar wurin wanke-wanke ta fi ta ko'ina daɗi.

Na biyar, inda haƙuri ya kai bango. Kamfani ya girma, za a buɗe sabon ofis, kuma ka kawo shawara mai kyau cewa kowa ya gayyato iyayensa su ga inda 'ya'yansu ke yini. Kwamitin biki, bisa la'akari da baiwar surutu da Allah ya yi mini, ya zaɓe ni mai gabatarwa, da sharaɗin in kira kowa da sunansa tsura, kai ne na farko. Mahaifina tuni ya aika da babbar rigarsa wurin mai guga. Ya shaida wa abokan zamansa na ƙofar masallaci cewa ɗansa ne zai riƙe lasifika. A sahun gaba zai zauna. Idan na kira sunan nan, mutum biyu ne za su ɗago kai, kuma ina tsoron wanda ya haife ni ya riga ka miƙewa. Ba zai yi mini faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai dube ni ne kawai, kuma na san wannan kallon. Idan kuma na ajiye lasifikar, na hana dattijo abin da ya ƙwallafa rai a kai. Na kai kuka gaban kwamiti, Haruna ya ce wanda ya ɗaura doka shi kaɗai ke sassauta ta.

Na shida, hujjata, kuma ina roƙon a yi mini afuwa a kanta. Aikina lura da abin da ya saɓa wa tsari ne. Na lura shugabar sashen kula da abokan hulɗa, kowa na kiranta da sunanta, ban da mutum ɗaya. Kai Ummi kake ce mata. Na daɗe ina zaton tsokana ce, sai ranar sunan 'yarka, da na ji liman ya raɗa wa jaririya ainihin sunan shugabar nan, aka ce na mahaifiyarka ne aka mayar. Ban rubuta shi a nan ba, saboda na san nauyinsa a kunnenka. Ban kuma taɓa ganinka a wurin kofuna a kan wannan ba, kuma ban zo neman a kai ka ba.

Saboda haka buƙatuna ba su da yawa. Kada a soke dokar, ko wasali ɗaya kada a taɓa. A dai buɗe mata 'yar taga: duk wanda sunan abokin aiki ya yi daidai da na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, a bar shi ya kira shi yadda aka koya masa a gida. Wannan ba rusunawar da ka yaƙa ba ce. Zan ci gaba da gaya maka manhajarka ta karye a duk ranar da ta karye, ido cikin ido. Ina roƙon amsa kafin ranar biki, domin in tsaya gaban jama'a in ce ga mai sunan Baba, mutum ɗaya ya miƙe, ɗayan kuma ya zauna yana murmushi. Batun kofunan baya kuwa na yafe, ban nemi diyya ba.

Allah ya ƙara wa kamfanin nan albarka, ya tsare shi daga girman da ke sa a manta mafari. Allah ya raya Ummi ƙarama, ya ja kwanan Ummi babba da ta haife ka, ya ba ka ladan riƙon da kake yi mana.

Wassalam.

Naka mai biyayya a komai ban da abu ɗaya,
Nazifi, ɗan mai sunanka.