Ni na shafa wa Baba murar

Maman 'yan biyu,

Kada hankalinki ya tashi in kin dawo ba ki tarar da Babanki ba. Zazzaɓi ya rufe shi bayan fitarki, na kai shi asibiti. Na zo ɗaukar masa kaya ne, zan koma.

A wurina ya ɗauka. Shekaranjiya da ya ce in yi masa aski, da takunkumi na shiga saboda tarin nan nawa. Sai na ji nauyin tsayawa a kan surukina da fuska a rufe, kamar ina ƙyamarsa. Na cire na sa a aljihu. Haka na gyara masa gemu, hancina dab da nasa, ina ta haɗiye tari.

Likita ta ce allurar rigakafin da kika kai shi ba ta tare kowace mura, amma tana rage mata ƙarfi, shi ya sa ƙirjinsa bai kamu sosai ba. Allurar da na ce miki ɓata lokaci ce. Ta ce in zo a yi mini tawa da zarar zazzaɓina ya sauka.

Ki buɗe tagogi, ki wanke tawul ɗin askin, kada yara su shiga ɗakina.

Ki taya ni ba shi haƙuri, ni na kasa haɗa ido da shi. Ana duba shi, shi kuma yana roƙon likita ta fara duba ni.

Baban 'yan biyu