Ganuwar da Kuka Shafe da Siminti Ta Karkato Kan Ɗakin Innata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Kayan Tarihi na garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, Alhaji, tare da sauran 'yan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya. Da fatan kuma gajiyar bikin buɗe ganuwa ta sake ku, don na ga har yau hotunan ranar kuke ta turawa a waya.

Ni malamar makaranta ce a Kabo, amma a garin nan na yankin Kara aka yanke mini cibiya. Gidanmu ne na ƙarshe ta yamma, wanda ya jingina da guntun tsohuwar ganuwar da kakanni suka gina zamanin da mahara ke sauko musu daga arewa. Tarihi na karanta a jami'a, don haka ba sai an yi mini wa'azin darajarta ba. Na rubuto a fili ne saboda duk zuwan da na yi ofishinku, kwaɗon ƙofa ne ya tarbe ni.

Na farko. Guntun nan ba da ƙarfin kansa ya kawo yau ba. Tun ina yarinya, duk shekara in an gama kai amfanin gona gida, mazan unguwa kan yi gayya. A haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta tsumu, sannan a yaɓe duk inda damina ta zaizaye. Mata su dama kunu su aika. Ba wanda ya taɓa kiran wannan raya tarihi. Bango ne, in ba a yaɓe shi ba ya faɗo wa mutane.

Na biyu. Bara waccan kuka iso da baƙi daga birni, kuka sanar cewa ganuwa ta zama kayan tarihi, kada wanda ya sake taɓa ta. Sannan ku kuka taɓa ta. Kuka shafe ta da siminti daga sama har ƙasa, kuka ja mata layi-layi don ta yi kama da ginin bulo, kuka bi ta da fenti ruwan madara. Aka kafa allo, wanda sunayenku a jikinsa suka fi bayanin ganuwar tsawo. Na kawo ɗalibaina su ga katangar yaƙi, wata ta tambaye ni ko bayan asibiti ne. Ban tsawata mata ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ginin ƙasa yana shan ruwa, rana ta fito ya bushe. Kowa a garin nan ya san haka, har da kai, Alhaji, don a ɗakin ƙasa ka tashi kafin ka fara jin kunyarsa. Simintinku ya tsage ta sama a zafin bazara, ruwan damina ya shiga, ya rasa ta inda zai fita. Ƙasar ciki ta jiƙe ta kumbura. Yanzu ganuwar ta yi ciki, ta karkato gabas, abin da ke gabas kuwa ɗakin mahaifiyata ne, tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda tashi daga tabarma ma sai ta dafa bango. A ɗakin aka kawo ta amarya, ta ce ba inda za ta. Daminar bara, duk hadarin da ya taso sai yayana ya lallaɓa ta ya fito da ita zaure, ta zauna da carbinta tana sauraron ko za a ji ƙarar faɗuwa.

Da yayan nawa ya ɗauki guduma zai fasa simintin ya rage wa bangon nauyi, wakilinku ya tsaya masa a kai da barazanar kai shi ƙara kan ɓata kayan tarihi. Ya leƙa tsagar, ya ce za a toshe ta da siminti a ƙara fenti kafin baƙi su sake zuwa. Bai tambayi wa ke kwana a ƙarƙashi ba.

Saboda haka ina roƙon ku ɓamɓare simintin nan kafin ruwan farko, ku janye hanin da kuka yi, ku bar unguwa ta yaɓe bangonta. Ba mu nemi ko buhun ciyawa daga gare ku ba. Allon ma ku bar abinku, ba ya faɗo wa kowa.

In kuma hadari ya fara haɗuwa ba mu ji daga gare ku ba, da rana tsaka za mu ɓamɓare simintin da kanmu, kuma ni zan fara ɗaga gudumar, don kada ku wahala wajen neman wanda za ku kai ƙara. Na fi son in tsaya gaban alƙali a kan in zauna karɓar gaisuwar uwata daga bakin kwamitinku.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare mahaifan kowa, ya sa kada ka taɓa kwana kana sauraron bango.

Wassalam.

Malama Rabi'atu,
daga gidan da ke gindin ganuwa.