Sabis Bai Kai Ɗakin Inna Ba

Danchadi, Laraba, 9 ga Sha'aban, bayan isha'i

Yau ma Inna Kulu, uwargidana, ba ta ga jikanta ba. Kwana biyar da ɗiyarmu Hadiza ta haihu a Fatakwal, ita kuwa tsohuwar tawa tun damina ba ta iya tashi daga gado.

Sabis a gidanga saman rumbu kaɗai yake sauka, kamar zabuwa. Can nake rataye wayata in kunna hotsifot ta raba sabis, in kai wa Inna tabilet, allon nan da muke kiran bidiyo da shi. Daga bakin ƙofarta sai sabis ɗin ya yanke.

Da hantsi na tafi Bodinga in musanya tabilet ɗin da mai ɗaukar layin waya. Mai shagon ya ce, "Baba, layi na kamawa cikin ɗakin?" Na ce a'a. Ya ce, "To ko ka saye shi, sai dai Inna ta hau rumbu." Na yi dariya don kada in yi wani abin. Layi bai shiga ɗaki, hotsifot bai kai gado. Rumbu kuma ba ya matsawa.

Da na dawo ta ce, "Malam, bar wahala. Tafi ka gano mini angon nawa, ka zo ka ba ni labari."

Na tsaya gindin rumbu na kira Hadiza ta bidiyo. Hoton ya daskare kan zanen goyo, sai kuka kawai nake ji.

Na koma na ce wa Inna yaron hancinta ya ɗauko, har da goshin. Ta yi murmushi ta ce, "Mummuna ke nan." Allah Ya yafe mini. Jibi suna, ban san ƙaryar da zan ƙara ba.