Gwangwanin da Baba Ya Ɗaure a Gefen Inji

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Hauwa da yara. Ya zafin Legas, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Jikin Inna da sauƙi.

Yaya, motar Baba ta mutu, kuma ni na kashe ta. Ka tuna gwangwanin nan da ya ɗaure da waya a gefen inji, wanda yake juyewa duk Juma'a? Bayan rasuwarsa gwangwanin ya cika, ya fara ɗigar baƙin mai. Na ɗauka tarkace ne, na cire shi, na toshe tiyon da ke shiga cikinsa da noti. Ranar Talata a Gada Biyu sai hayaƙi ya turnuƙe, mai na tsiyaya ta ko'ina.

Oga Emeka, makaniken Baba, ya ce inji mai turbo, wato na'urar nan da ke ƙara wa inji ƙarfi, yana tara tururi a ciki, dole ya samu hanyar fita. Gwangwanin ne ke tare man da ke biyo tururin, kada ya shiga turbo. Ya ce, "Ka toshe, ina kake so ya bi? Da ka tambaye ni mana!"

Shekara nawa ina tsaye Baba na juye gwangwanin nan, ban taɓa tambayarsa ba. Gani nake akwai lokaci.

Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a. Har yanzu na kasa gaya wa Inna. Kullum da safe sai ta share inda motar take tsayawa.

Ƙaninka,
Nura